Dokta kan inganta irin shuka: yadda ake tsara ta daga Maradi, damina bayan damina

Kusan duk sati sai wani ƙane ya same ni, ko a waya ko a fada bayan isha'i, ya ce yaya na gama mastar a agronomi, ina son in yi tez kan inganta iri amma ban san ta inda zan kama ba. Abin da nake fara gaya musu shi ne su bar ƙirga shekara. A takarda dokta shekara 3 ce a tsarin LMD (lisans, mastar, dokta), wasu wuraren 4, amma kai da za ka yi aiki kan hatsi ko wake ko dawa a ƙasar Maradi abin da ke hannunka damina ce uku, in Allah ya so ka huɗu. Ruwa na zama wajen Yuni ya ɗauke ƙarshen Satumba, shi kenan. Mai tez kan tarihi in ya makara da wata guda wata gudan ya rasa, kai kuwa in kuɗɗin shuka suka makara da sati uku shekara ce sukutum ta tafi kuma ba kwamitin da zai maido maka ita. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Fara da gwada kanka

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa wasiƙa, zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah. Za ka iya yi ma ɗan lise bayanin dalilin da ya sa Mendel ya samu 3 da 1 a jikokin wakenshi ba tare da ka buɗe kaye ba? Ka san me ya raba hatsi da wake wajen haihuwa? Don wannan shi ke yanke irin aikin da za ka yi. Wake yana barbarar kanshi ne, furen bai ma buɗe ba an gama, shi ya sa in ka samu layi mai kyau, wato zuriyar tushe ɗaya da aka zaɓa, yana tsayawa yadda yake. Dawa ma mafi yawa haka take. Hatsi kuwa ɓangaren macen ke fara fitowa a zangarniya kafin bununinta ya zuba, sai iska ta kawo bununin maƙwabci, wato kowane ƙwayar hatsi a zangarniya ɗaya na iya zama da uba daban. Shi ya sa shibra ke shiga gonar mutum ko bai shuka ta ba, shi ya sa kuma ingantaccen irin hatsi ke lalacewa bayan ƴan shekaru in ba a sabunta shi ba. Kromozom ɗin hatsi 14 ne, dawa 20, wake 22, gujiya 40 kuma ita ninki huɗu ce, aikinta ya fi wuya ga mai farawa.

Abu biyu ke kada ɗalibanmu, statistik da Ingilishi. Mun yi lakkwal da Faransanci amma kusan duk abin da za ka karanta kan hatsi da wake da Ingilishi aka rubuta shi, kuma da shi za ka buga naka. Kada ka jira sai an ɗauke ka, fara yau, kullum shafi biyu na makala ɗaya da ƙamus a gefe. Ka sauke R, manhajar lissafin statistik, a ordinatarka, kyauta ne, ka ɗauko bayanan mastar ɗinka ka sake lissafinsu da shi har sai ka ga lambobin sun fito daidai da na da.

Tambayar tana ƙauye

Nan ne nake son ka daɗe. Da yawa sai su zo da take mai nauyi wanda suka kwaso daga intanet, jenom kaza, alama kaza, in ka ce musu wace matsalar manomi wannan zai warware sai shiru. Ɗauki moto ka tafi Madarunfa, ka tafi Mayayi, ka tafi Agye, ka zauna da manoma, zaman maza daban na mata daban. Maza za su yi maka maganar ƙuduji da murzuna da yankewar ruwa lokacin da hatsi ke bununi, za su ce maka suna son zangarniya doguwa irin ta zango don ita ke ɗauruwa dami ta shiga rumbu, suna son kara mai ƙwari don darni da dabbobi. Mata za su gaya maka abin da ba ya cikin kowace makala, wane iri ne ke da wuyar sussuka, wane ne ke yawan dusa wajen surfe, wane ne furarshi ke kwana ba ta saki ba, wane wake ne ke cin itace kafin ya nuna. Iri na iya fin kowa auki a tashar bincike amma in tuwonshi bai yi ba, shekara ɗaya za a shuka shi a bar maka abinka. Mai wake kuma sau da yawa harawa ce rabin ribarshi, in ka kawo mishi iri mai ƴaƴa ba ganye ka rage mishi kuɗɗi ne.

Akwai ƙungiyoyin manoma da suka saba aiki da masu bincike, FUMA Gaskiya ga ta nan cikin Maradi, ta hanyar irinsu shiga ƙauye ta fi sauƙi kuma mutane sun fi sakin jiki. Ka je ka gaida mai gari tukuna kafin ka fiddo takardar anketi.

Sannan ka san abin da aka riga aka yi don kada ka sake ƙera abin da ke kasuwa. A hatsi akwai HKP, akwai CIVT wanda a nan Tarna aka haɗa shi, akwai SOSAT-C88, Zatib, ICMV-IS 89305, sai Chakti da aka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe da saurin nuna. A dawa akwai Sepon 82, IRAT 204, Mota Maradi. A wake TN5-78, IT90K-372-1-2, da IT97K-499-35 mai jure ƙuduji. Gujiya kuwa 55-437 kakanninmu ma sun san ta. Tambayi kanka me ya hana waɗannan su mamaye ko'ina, a amsar nan tez ɗinka take. Kuma kama matsala ɗaya, shuka ɗaya. Ƙudujin wake daban yake da na hatsi, na wake Striga gesnerioides ne mai iri-iri da yawa gwargwadon yanki, na hatsi da dawa Striga hermonthica, kowanne ya ishi mutum aikin rayuwa. Gebisa Ejeta ɗan Habasha a kan dawa mai jure ƙuduji da fari ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009, bayan shekaru masu yawa yana abu ɗaya.

Ina za ka yi rajista, wa zai riƙe ka

Jami'a ke ba da digiri amma gona da iri suna hannun cibiyoyin bincike, don haka ƙafa biyu kake buƙata. A gida akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi da sashenta na aikin gona da muhalli, akwai Abdou Moumouni a Yamai. Gefen gona akwai INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da aka kafa a 1975, cibiyarta ta Tarna na nan bakin gari, da tashoshi irin su Kollo da Konni da Bengu, sai ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken shukokin ƙasashe masu ƙarancin ruwa, a Sadore kusa da Yamai inda akwai rumbun ajiyar iri. A waje, wanda aka gina musamman don wannan aiki shi ne WACCI a Jami'ar Ghana da ke Legon, an buɗe ta 2007 ƙarƙashin Farfesa Eric Danquah, tsarinsu shi ne ka yi darussa can sannan ka dawo ƙasarku ka yi binciken kan shukarku, kuma ƴan Nijar sun bi ta nan. Akwai ACCI a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu mai kama da ita. Kuma kar ka manta da maƙwabta, Samaru ta Zariya, cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da tashar IITA ta Kano, reshen cibiyar binciken noma ta duniya, wadda ta yi suna kan wake, duk ta Ɗan Isa da Jibiya ake zuwa kuma ƙasarsu da daminarsu kusan irin tamu ce.

Ni a ganina wanda zai riƙe ka ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Kafin ka amince da malami nemi ɗalibanshi na baya ka tambaye su a ɓoye, shekara nawa suka yi, in ka aika mishi babi wata nawa yake yi kafin ya maido, yana taka ƙafa gona ko sai ofis. Mafi kyau ka samu biyu, farfesa mai ikon sa hannu a jami'a da mai inganta iri da ke da aiki a ƙasa yanzu haka, wanda ke da layuka a hannu. In ya riga ya yi barbara yana da F2 ko F3, wato zuriya ta biyu ko ta uku bayan barbarar, a ajiye ya ba ka, ya ba ka kyautar damina biyu kenan, karɓa hannu bibbiyu.

In za ka rubuta wasiƙa kada ka ce ranka ya daɗe ina neman kowane take. Shafi biyu, ga matsalar, ga inda na gan ta, ga abin da na karanta cikin aikinku, ga abin da nake son gwadawa.

Maganar kuɗɗi a taƙaice: bursi iri biyu ce kuma mutane na ruɗa su. Akwai wadda ke ciyar da kai ta biya rajista, akwai kuɗɗin bincike, wato leburori, taki, man moto, buhunan takarda, mai gadin tsuntsu, labo. Masu ba da kuɗɗin akwai ANAB, DAAD, RUFORUM, PASET-RSIF, ayyukan gidauniyar McKnight, ga mata kuma AWARD, duk ka riƙa leƙa shafukansu don sharuɗɗa na canzawa. Amma tambaya ɗaya za ka yi ma duk mai ba ka kuɗɗi, shin za su shigo kafin Mayu? In ba tabbas, tanadi na shuka da noman farko daga aljihunka ko na aikin malaminka.

Jera aikin a kan kalandar ruwa

Samu babbar takarda ka zana damina uku da rani uku, sannan kowane buri na tez ɗin ka aza shi a gurbinshi. Tsarin da na ga yana tafiya shi ne, ranin farko anketi da tara iri daga manoma da rumbunan ajiya, daminar farko ka shuka su duka ka tace ka ga wa ke da abin da kake nema, ranin da ke biye ka yi barbara a wurin ban ruwa, irin fadamar Jiratawa ko cikin tasha, ka ci gaba da tura zuriya, damina ta biyu da ta uku gwaji a wurare da yawa. In ka nemi iri daga ICRISAT ko IITA akwai takardar yarjejeniya da ake sa ma hannu, SMTA, da takardar lafiyar shuka in zai ƙetare iyaka, suna cin watanni, fara da wuri.

Noman rani shi ne ke ninka maka lokaci. Duk zuriyar da shuka ta barbari kanta, gaurayen da ke jikinta na raguwa da rabi, F2 kashi 50 cikin ɗari, F3 25, F4 12.5, sai wajen F6 ya sauko kusan kashi 3 a ce layi ya zauna. In damina kaɗai kake jira shekara shida kenan. Da wake mai kwana 60 zuwa 70 da ruwan famfo kana iya zuriya uku a shekara, kana ɗaukar ƙwaya ɗaya daga kowane tushe kana sake shukawa. Sai dai ka kiyayi zafin Afrilu da Mayu, fure na zubewa, barbara ba ta kamawa, ka yi ta cikin sanyi.

Ita barbarar da hannunka za ka koye ta, ba a littafi ba. A wake da marece kake zaɓen tohon furen da zai buɗe gobe, ka tsaga shi a hankali da ɗan hantsaki ka cire mazan guda goma ba tare da ka taɓa macen ba, da sassafe ka kawo furen uban ka shafa, ka ɗaura zare da alama. Da yawa za su zube, kada ranka ya ɓaci, yi da yawa. A hatsi kana rufe zangarniya da buhun takarda tun tana leƙowa kafin farin gashin macen ya fito, ban da leda don tana dafa ta, in gashin ya fito sai ka karkaɗo bununin uban da hantsi cikin wani buhun ka juye mata ka sake rufewa. Ma'aikatan tasha tsofaffi da suka shekara ashirin suna wannan sun fi duk wani dokta iya hannu, ka girmama su, ka ce baba koya mini, za ka sha mamaki.

Gwajin gona, inda tez ke rayuwa ko ta mutu

Ƙasarmu jigawa ce kuma ba ta da daidaito, taku goma tsakani sai ka ga hatsi ya bambanta don can akwai gao ko tsohuwar shara ko an taɓa ɗaure shanu. In ka shuka layi sau ɗaya ya yi kyau ba ka san ko irin ne ko gurbin ba. Don haka maimaitawa aƙalla uku, a rarraba da ƙuri'a ba da son rai ba, in layukan sun yi yawa a yi alfa latis, tsarin da ke raba layukan ƙananan rukunoni cikin kowace maimaitawa, kuma kullum a sa irin shaida guda biyu, ingantacce da aka sani kamar HKP da kuma na manomin wurin. Tsarin gwajin ka kai ma mai statistik kafin shuka, in ka kai mishi bayan girbi ba abin da zai iya yi maka.

Jihar Maradi ta ba mu wata dama, kudu wajen Madarunfa ruwa ya fi, in ka hau Mayayi zuwa Dakoro yana raguwa sosai, wato cikin jiha ɗaya kana iya ganin yadda iri ke canza hali da wuri. Wuri uku damina biyu ya ba ka muhalli shida, da su za ka gane wane layi ne ke tsayawa ko'ina da wanda sai inda ruwa ya wadata. In ƙuduji kake nazari kada ka dogara da cewa gonar na da shi, a tsibi-tsibi yake fitowa, tara ƙwayarshi tun bara ka gauraya da rairayi ka zuba kowane rami daidai wa daida, in ba haka ba layin da ya tsira da sa'a za ka kira mai juriya.

Zan gaya maka abin da ya same ni a daminata ta biyu. Na rubuta lambobin layuka da bik a kan alamomi, aka yi ruwa biyu masu ƙarfi da rana, ran da na zo ɗaukar ranar fure rabin alamomin sun koma fari fat. Na tsaya cikin gonar nan gabana na faɗuwa don aikin shekara biyu ne. Abin da ya cece ni taswirar gonar da na zana a kaye ran shuka, da gabas da yamma da itacen da na fara ƙirga daga gare shi. Tun ran nan fensir nake amfani da shi, taswira kuma kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wajen malam, ɗaya hoto a waya. Haka bayanai, abin da ka auna yau ka shigar da shi yau, akwai Field Book da KoboToolbox a waya, ka tura kwafi ma kanka ta imel duk sati. Ka sa mai gadin tsuntsu tun hatsi na madara musamman in naka ya riga na maƙwabta nuna don duk tsuntsun unguwa kanka zai sauka, ka yi shinge saboda awaki, ka girbe layin tsakiya ka bar na gefe.

Labo da lissafi

An fitar da jenom ɗin dawa, wato cikakken jerin ƙwayoyin gadonta, a 2009, na hatsi a 2017, kuma yau ba sai kana da injin ba, ganye kake yankewa ka busar da shi da silika ka aika a karanta maka alamomin SNP, ƙananan bambance-bambance a ƙwayoyin gado. Abu ne mai kyau, in an san alamar da ke tafiya da halin da kake nema kana iya zubar da rabin tsirrai tun suna ƙanana ka huta da ɗawainiyarsu. Amma alama ba ta da amfani in awon gonarka ba daidai yake ba, don da shi ake gwada ta. In kuɗɗi sun gaza, ni dai na fi son a rage labo a ƙara wurin gwaji.

Lissafi ɗaya nake son ya zauna maka a kai, abin da za ka samu a zuriya mai zuwa shi ne ratar waɗanda ka zaɓa sau gadon halin, wato kason halin da ƴaƴa ke gada. Misali gona na fure a kwana 60, ka zaɓi masu yi a 52, rata 8 kenan, in gadon halin rabi ne ƴaƴansu za su yi wajen kwana 56, ba 52 ba. Ranar fure da tsawon zangarniya gadonsu na da ƙarfi, auki kuwa nashi rauni ne da shi don ruwa da ƙasa na da babban hannu a ciki, shi ya sa ba a zaɓen auki da ido a tushe ɗaya.

Rubutu kuma kada ka bar shi sai ƙarshe. Anketin shekarar farko makala ce, tace irin daminar farko makala ce, ka rubuta su cikin rani tun abin na da ɗumi. Makarantun dokta da yawa ba sa barin ka yi sutnans sai ka buga, tambayi adadin tun ran rajista, kuma in za ka bi hanyar koyarwa CAMES, hukumar da ke ƙara ma malaman jami'a matsayi, ita ma za ta duba inda ka buga. Mujallar da ta aiko maka saƙo tana cewa biya kaza mu buga cikin sati ɗaya, guje ta, nuna ma malaminka kowace mujalla kafin ka aika.

Ka sani kuma da wuya ka fitar da sabon iri cikin tez. Bayan layi ya zauna akwai gwajin DHS da ke tabbatar da ya bambanta da sauran, bai ɗaya ne kuma ba ya canzawa, akwai gwajin VAT na amfaninshi a gona da tukunya, sannan kwamiti ya shigar da shi kundin iri na ƙasa, sannan a fara ninka shi daga irin tushe zuwa wanda masu saida iri za su kai kasuwa. Abin da tez za ta bari shi ne layuka masu alkawari da bayanai masu tsabta. Don haka kafin ka ɗinka rigar sutnans, busar da irin kowane layi sosai, sa a kwalba ko ambulan mai lamba ciki da waje, raba gida biyu, kaso ɗaya ga shirin da ka yi aiki da shi, ɗaya ga rumbun ajiya mai sanyi, tare da takardar asalin kowanne, uwa wace ce uba wane ne. Wake in ka bar shi a buhu haka nan wata uku ƙwari sun gama da shi, sa shi a buhun PICS mai hana iska shiga ko bido mai murfi. Sannan ka koma ƙauyukan da ka yi anketi kafin ruwa ya sauka, ka tara su ka gaya musu da Hausa abin da ka gano, ka bar ma kowane rukuni ɗan iri na layuka uku ko huɗu da suka fi, su shuka gefen nasu, matan su daka su dama, kai kuma ka dawo da kaka da kayenka ka rubuta abin da suka ce.